Shekara uku ina kiwon murjani a falo

Ranar da na fara nuna wa Hajiyarmu tankin nan ta bidiyo kol, shiru ta yi tana kallo can sai ta ce "to ina kifin?" Nace Hajiya ga su can guda biyu sun ɓuya a bayan dutse, amma ai ba su ne abin kallon ba, murjani nake kiwo. Tace murjani kuma, irin na Inna? Nace eh to, danginsa ne. Tace "Allah ya shirye ka, mutane na zuwa Saudiyya su tara kuɗin gini kai kana can kana ba dutse abinci." Har yau in mun yi waya bayan ta tambayi jikokinta sai ta ce ya dutsen naka, ya ci ya ƙoshi?

Inna kakarmu ce Allah ya jiƙanta, tana da wani murjani ja zir da take ajiyewa a ƙasan adaka, sai biki ya kama take ciro shi, kuma ko taɓawa ba a barinmu mu yi. Ni duk tasowata na ɗauka dutse ne ake haƙowa kamar sauran duwatsun ado, duk da kullum muna karanta lu'ulu'u wal marjan a Suratur Rahman kuma ayar ta faɗa ƙarara cewa daga ruwa suke fitowa, kan yaro bai kai nan ba. Sai da aiki ya kawo ni Jidda wani abokin aikina ya matsa min muka je Ubhur ranar wata Juma'a da safe, ya ɗaura min rigar nan mai hana nutsewa ya ba ni gilashin ido da bututun numfashi, ni ɗan Kano da iyakar ruwan da na sani Tiga ne shi ma daga bakin gaɓa. Wallahi da na tsoma fuskata a ruwan nan na manta da tsoro. Gari ne guda a ƙasa, wani kamar ƙahon barewa wani kamar kabeji wani kamar ƙwaƙwalwa, kifaye na shige da fice kamar kasuwar Kwari da hantsi. Sati biyu bayan nan na tsinci kaina a shagon masu sayar da kifin ado ina tambayar farashin gilashi.

Murjani dai dabba ne, wannan shi ne abin da mutane ke ƙin yarda da shi. Wasu 'yan halittu ne kowanne da bakinsa da 'yan yatsu kewaye da bakin, suna zaune jingim a wuri ɗaya, masu taurin cikinsu kuma suna zuƙar sinadari daga ruwa su gina ƙashi a ƙarƙashinsu, wannan ƙashin shi muke gani mu ce dutse. A cikin naman yawancinsu akwai wata gansakuka mitsi-mitsi da ido ba ya gani, a littafi zooxanthellae ake ce mata, ita ke shan haske ta haɗa abinci ta ba mai masaukinta, shi kuma ya ba ta ɗaki. Haya ce ake biya da tuwo. Shi ya sa fitila a wannan harka ba ado ba ce, tukunyar girkin ce gaba ɗaya. Irin na Inna kuwa daban ne, Corallium rubrum sunansa, a Bahar Rum yake fitowa cikin kogo da zurfi inda haske bai cika kaiwa ba, ba shi da wannan gansakukar, akwai ma wani gari a Italiya kusa da Napoli, Torre del Greco, da suka shahara da sassaƙa shi. Ba shi ake sawa a tankin gida ba.

Tankina lita 200 ne da ɗan wani abu, da wani ƙarami a ƙasa cikin kabad wanda ake ce wa samf, nan ake ɓoye inji da tarkace. Mai shagon ya so in ɗauki ɗan ƙarami na lita 40 wai na ɗan koyo, Allah ya taimake ni wani dattijo da ya zo sayen gishiri ya ja ni gefe ya ce kar ka yarda, ƙaramin ruwa shi ya fi saurin lalacewa, cokalin gishiri ɗaya in ka zuba a kofi ai ba daidai yake da ka zuba a randa ba. Gaskiyarsa. Abin da ban lissafa ba shi ne nauyi, ruwan kaɗai ya haura kilo 200 kafin a zo maganar gilashi da dutse da yashi, duk inda ka ajiye shi to nan zai zauna har ka tashi daga gidan. Ni na ajiye nawa inda uwargida ke son sa kujera, wannan rigimar ba a gama ta ba har yanzu.

Ruwa. Abin dariyar zaman Jidda shi ne ruwan famfonmu daga teku ake ɗebo shi a cire masa gishiri da kuɗi mai yawa a turo mana, ni kuma in karɓa in sake tace shi in je in sayi gishiri a bokiti in mayar masa. Maƙwabcina da na yi masa wannan bayanin sai da ya kalle ni sau biyu. Ba a amfani da ruwan famfo kai tsaye, sai an bi da shi ta matatar RO/DI har ɗan mitan da ke auna dattin ruwa ya nuna sifili, don abin da ba zai yi wa ɗan Adam komai ba kamar ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, shi murjani ajalinsa ne. Gishirin ma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magnesiyam da sauransu, wajen giram 35 zuwa 38 ake zubawa a lita ya danganta da kamfani, a bar famfo yana juya shi har ya narke tas kafin a auna. Abin da ake nema shi ne kashi 35 cikin dubu, a ma'aunin rifraktomita za ka ga 1.025 ko 1.026. Wasu za su ce teku na bakin ƙofarka me ya hana ka ɗebo a jarka? Bahar Maliya gishirinta ya kai wajen kashi 40 cikin dubu, tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya saboda zafi da rashin kogunan da ke zuba a cikinta, ga kuma ruwan bakin gaɓar birni ba ka san me ya kwasa ba. Na bokiti ya fi min kwanciyar hankali.

Wani abu da ya kusa yi min illa tun a satin farko, ruwa na raguwa kullum saboda tururi, nawa yakan sha lita biyu zuwa uku a rana, ni kuma da wayona sai na riƙa cikawa da ruwan gishiri. Ashe ruwan ne kawai ke tashi gishirin yana nan, kamar dai miyar da aka bari a kan wuta. Kwana shida na auna na ga 1.029. Da ruwan daɗi tatacce ake cikawa, yanzu ma akwai ɗan inji mai ido da ke yi min wannan aikin da kansa, duk cikin kayan da na saya babu wanda ya ci kuɗinsa kamarsa.

Sai zaman jira. Ka jera duwatsu ka zuba yashi ka cika ruwa ka kunna famfo, sannan ka naɗe hannu. Kashin kifi amoniya yake zama kuma guba ce, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin dutsen su mayar da ita naitirait, shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret wanda da sauƙi. Kafin su yi yawan da za su riƙe tanki ana ɗaukar sati huɗu zuwa shida, kana ɗiga musu amoniya kana aunawa. Nawa sati biyar ya yi. Sati biyar baƙi na shigowa falo su tarar da akwatin gilashi fal da ruwa da dutse yana ƙugi babu ko tsutsa a ciki, su yi min sannu da aiki cikin ladabi, na san in sun fita me suke cewa.

To a nan na fara ɓarna. Da awo ya nuna amoniya ta koma sifili na je na sayo kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari da yara suka sani a katun, guda biyu, haihuwar tanki ne ba kamun teku ba, kuma ina ba kowa shawarar ya nemi irinsu don sun fi juriya, ga shi a wasu wurare kamar Filifin da Indonesiya an daɗe ana fama da masu kama kifin ado da gubar sayanaid, kifin ya zo maka yana sheƙi bayan sati biyu ya mutu. Waɗannan biyun lafiya lau. Abin mamakinsu ma shi ne wanda ya fi girma da ƙarfi a cikinsu shi ke rikiɗa ya zama mace, ɗayan ya zauna a namiji yana bin umarni, da na gaya wa uwargida cewa ta yi su kam sun gane gaskiya. Amma ido ba ya ƙoshi, bayan kwana goma na ga wani shuɗi a shago na kasa haƙuri na kawo shi na juye kai tsaye. Kwana huɗu sai ga ɗigo-ɗigon fari a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki a dutse. Cutar da ake ce wa ik ce, Cryptocaryon, wata ƙwaya ce da ke cin fatar kifi ta faɗo ƙasa ta ƙulle kanta a yashi ta hayayyafa ta sake tasowa da yawa, shi ya sa za ka ga kamar ya warke kwana biyu sai abin ya dawo ya fi na da. Maganinta mai jan ƙarfe ne kuma in ka kuskura ka zuba shi a babban tanki ka gama da murjani da dodon koɗi da jatan lande, dutsen ma sai ya shanye ya riƙa fitarwa a hankali. Dole na sayi wani ƙaramin tanki na kwashe kifin na yi musu jinya a can, babban kuma na bar shi babu kifi kwana 76 kamar yadda masu harkar ke cewa, don ƙwayar ta rasa abin ci ta mutu. Shuɗin bai yi rai ba. Baƙi suka dawo suka sake tarar da tanki babu kifi. Tun daga ranar duk abin da zai shiga sai ya yi wata guda a ƙaramin tankin nan, ɗakin baƙi, tukuna.

Tsakanin wata na biyu zuwa na shida tankin muni yake yi, kuma babu mai gaya maka wannan a shago. Da farko wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, tana tafiya sai koren gashi ya fito a dutse, sai wani ja mai yauƙi kamar majina. Duk hotunan da kake gani a Instagram babu mai ɗora na wannan lokacin. Ni da na ga haka sai na shiga yaƙi, na karanta cewa naitiret da fosfet ke ciyar da su, na sayo duk wani abin da ke tsotse su na rage wa kifi abinci har awo ya nuna sifili sifili, ina murna. Sati biyu sai ga wani sabon bala'i mai kumfa a kai, wata irin gansakuka da ake ce wa daino, wanda ya fi duk na baya naci, dodon koɗina suka fara mutuwa. Ashe shi wannan ruwan da aka wanke tas yake so, lokacin da abokan gasarsa suka mutu da yunwa. Sai ga ni ina ƙara wa kifi abinci da gangan don ruwa ya ɗan yi datti. Yanzu naitiret ɗina tsakanin 5 da 10 yake, fosfet kuma 0.05 zuwa 0.1, in na ga sun kusa sifili gabana ne ke faɗuwa.

Murjanin farko da na sa masu laushi ne, waɗanda ba su da ƙashi. Akwai wani kore kamar ciyawar filin ƙwallo, kyakkyawa ne amma in ka manna shi a babban dutse sai ya mamaye unguwar gaba ɗaya, a tsibirinsa shi kaɗai ake ajiye shi. Akwai Xenia da ke buɗe hannu tana rufewa ba dare ba rana kamar mai roƙo, yarana sun fi sonta, ita ma akwai yaɗo. Sai zoa, 'yan fure-fure masu kala kamar atamfa, su kam dan Allah a kula, wasu daga cikinsu da 'yan uwansu Palythoa suna ɗauke da guba mai suna palitoksin wadda ke cikin mafi haɗari da aka sani, ba a taɓa su da hannu mai ciwo, in za a yanka a sa safar hannu da gilashin ido, kuma ko da wasa kar a tafasa dutsen da suke kai ko a kankare shi a busasshe, akwai gidajen da tururin kaɗai ya kai mutanen ciki asibiti. Ni almakashin da nake aiki da shi ma a akwati mai kwaɗo yake saboda yara.

Daga baya na matsa zuwa masu ƙashi da manyan baki, waɗanda ake ce wa hama da toci da Duncan. Su hama da toci da rana gwanin sha'awa suna kaɗawa kamar gero a iska, amma suna da wasu dogayen yatsu da suke miƙawa su harbi maƙwabci, na taɓa ajiye wani kusa da toci da safe na tarar gefensa ya ƙone fari. Kowa sai an ba shi filinsa. Fitila awa tara nake ba su yawancinta shuɗi, da famfo biyu masu kaɗa ruwa suna fuskantar juna don kar ruwan ya tafi hanya ɗaya, murjani ba ya tashi ya je neman abinci ko ya je bayan gida, ruwa ne ke kawo masa ya kuma kwashe masa. Sabo in ya zo sai na tsoma shi a ruwan magani na minti kaɗan don ƙwari su zubo, in manna shi da sufa gulu mai kauri, eh wannan dai sufa gulun, in fara ajiye shi a ƙasa inda haske bai da ƙarfi sannan in riƙa ɗaga shi a hankali.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne Acropora. Shi ne mai kama da ƙahon barewar da na gani a Ubhur, shi ne kuma dalilin shigata harkar tun farko, sai da tankin ya shekara da 'yan watanni na yarda na karɓi ɗan ɓari kamar tsawon yatsa daga wajen wani da ke yanka nasa yana sayarwa. Wata uku yana lafiya, bakin rassan ya yi fari-fari alamar yana tsiro, gindinsa ya fara malala a kan dutse, kullum in na dawo aiki kafin in cire takalmi sai na je na duba shi. Masu ƙashi suna shan abu uku daga ruwa, kalsiyam da ake so ya zauna wajen 420 zuwa 450, magnesiyam wajen 1300, da alkaliniti, wato sinadarin da ke hana ruwa yin tsami, wanda shi ne uban tafiyar, ko'ina daga 7 zuwa 11 ana rayuwa amma sharaɗin shi ne ya tsaya inda yake. Ni na yi sakaci sati biyu ban auna ba saboda aiki ya yi yawa, da na auna na ga ya sauko ƙasa da 7 don murjanin sun girma suna sha da yawa, sai tsoro ya kama ni na ɗauko bekin soda na kaɗa a kofi na juye gaba ɗaya cikin dare, ko lissafi ban yi da kyau ba. Da asuba na auna, 11 har da ɗori. Na tafi aiki, na dawo la'asar na tarar naman Acropora yana saɓulewa daga gindi yana tashi a ruwa kamar tsumma, kafin isha ya zama farin ƙashi tas. Da na bar shi a 6 da wani abun nan na riƙa ɗagawa kaɗan kaɗan, abin da bai wuce 1 a rana ba kamar yadda kowa ke faɗa, da yana nan. Ƙashin yana kan teburina har yanzu, ɗana yana ce masa ƙaramar bishiya. Na daɗe ban sake sayen wani ba, kuma da na lissafa duk abin da ya mutu a tankin nan tun daga shuɗin kifi har zuwa kansa, babu wanda ya mutu don na bar shi, kowanne sai da na sa hannu da sauri.

In ban da na zafi, shi kam ba ni nan aka yi. Ana son ruwa ya zauna 25 zuwa 26, a Jidda kuwa hita kusan ado ce, sanyaya ruwan ne aiki. A watan Agusta muka tafi hutu Kano na bar esi a kunne na ba wani ɗan uwa makulli yana leƙawa bayan kwana biyu ya ba kifi abinci, esin ya tsaya, shi kuma bawan Allah ya ga kifi na iyo lafiya bai ga abin faɗa ba. Da na dawo ma'aunin zafi na nuna 31, hama ta koɗe ta zama kamar gilashi kana hango ƙashinta ta cikin nama. In zafi ya yi yawa murjani korar 'yan hayar nan nasa yake yi, kala ta tafi abinci ya tafi, bai mutu ba tukuna amma yunwa ta fara. Na rage haske na sauko da zafin a hankali na riƙa ba ta abinci a baki, sai da ta yi wajen wata huɗu kafin kalar ta dawo. Abin da ya faru a falona shi ke faruwa a teku, digiri ɗaya kacal sama da zafin da suka saba a bazara in ya daɗe makonni ya isa. An yi na duniya gaba ɗaya a 1998, aka yi a 2010, aka yi daga 2014 zuwa 2017, a watan Afrilun 2024 kuma hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da na huɗu. Da ina jin labarin a rediyo in wuce, yanzu in na ji sai hamar nan ta faɗo min. Na dawo na sa fanka a saman samf da ma'aunin zafi mai turo saƙo a waya.

Akwai kuma siyasar cikin gida. Injin da ake ce wa sikima iskar ɗaki yake zuƙa ya kaɗa da ruwa ya yi kumfa, kumfar ta kwaso datti ta tara a kofi, baƙi ƙirin mai warin da ba na fatan maƙiyina ya shaƙa. To duk abin da ke iskar falo yana shiga ruwa kenan. Maganin sauro na feshi an haramta shi a falo kwata-kwata, wannan ba a yi musu ba. Turaren wuta ne aka kai ruwa rana, don gaya wa 'yar Maiduguri ta daina turare a falonta daidai yake da ka ce ta koma gidansu. Muka yi sulhu, in za ta sa sai ta faɗa min in kashe sikima a buɗe taga, ni kuma na daina wanke kofinsa a sinkin kicin. Hannu ma in da mai ko turare ko sabulu ba ya shiga ruwa.

Hidimar yanzu ba ta da yawa in an saba. Kullum in ba kifi abinci in goge gilashi da maganaɗisu in kalli kowa ko ya buɗe, don murjani kan nuna damuwa kafin awo ya nuna. Alkaliniti sau biyu a sati, sauran awon ranar Juma'a bayan an sauko, in canja lita 20 na ruwa wanda na haɗa tun daren Alhamis. Kuɗin da na kashe kuwa kar ma a tambaya, akwai farashin da na saya akwai wanda na faɗa a gida.

Abokai da yawa sun tambaye ni ko za a iya yi a Kano ko Kaduna. Za a iya, amma ni ba zan ce wa kowa ya fara ba sai ya gama da maganar wuta, kuma ba ina nufin jannareton da ake tayarwa da magariba ba. In famfo ya tsaya iskar da ke cikin ruwan ce ke fara ƙarewa, cikin 'yan awanni kifi sun fara haki, bakteriyar da ka yi sati biyar kana jira su ma su bi. Sai sola da batir da inbata da za su riƙe famfo dare da rana, ga zafin watan huɗu da ke haura 40 wanda dole sai da injin sanyaya ruwa ko esi, ga ƙurar hunturu da bushewar iska da za su sa tururi ya ninka. Sannan gishiri da kayan awo duk daga waje ne, masu ƙashin kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda, ba abin da za ka cusa a jaka ka hau jirgi ba ne, kuma dan Allah kar wanda ya je teku ya ɓalle na Allah ya kawo gida. Wanda ke sha'awa ya fara da kifin ruwan daɗi da tsirrai shekara guda ya ga ko zai iya da canjin ruwa duk sati, in ya iya sai ya yi tankin gishiri na kifi biyu da masu laushi. Ni kaina in na tashi komawa gida rabar da nawa zan yi, na riga na san wa zan ba hamar.

Azumin da ya wuce Hajiya ta zo Umara ta kwana huɗu a wajenmu kafin ta wuce Makka. Ranar farko ko kallon tankin ba ta yi ba, wai ƙugin ruwan ma hana ta barci yake. Dare na uku mun dawo tarawi fitilar ta koma shuɗi zalla, zoa suna ƙyalli kore da lemo kamar an kunna musu wuta a ciki, na narka 'yan mitsi-mitsin jatan lande na zuƙa a bututu zan ba Duncan, sai ta jawo kujera. Na ɗiga a kan baki ɗaya, yatsun suka naɗe a hankali suka tura ciki bakin ya rufe. Tace sake in gani. Na sake. Tace miƙo nan, ta yi bismillah ta ɗiga da kanta hannunta na rawa rabi ya tafi wajen kifi, ta bi bakunan nan ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya tana cewa wancan bai samu ba, kai matsa min fitilar. Da za ta tafi ta ce in ɓallo mata ɗan kaɗan ta sa a kwalba ta kai Kano ta nuna wa su Yaya, na fara yi mata bayanin wuta da gishiri da takarda, ta ɗaga min hannu tace rowa ce dai irin ta Inna, ita ma haka ta hana kowa taɓa nata.